Kifin Afrilu: ranar da gaskiya sai ta yi rantsuwa



Duk shekara in watan Maris ya zo ƙarshe, saƙonni iri ɗaya ke shigo mana: "Bana mi kunka shirya muna na poisson d'avril?" Wasu har da shawara suke haɗawa. Ku ce tiyar hatsi ta faɗi rabin kuɗi. Ku ce jirgin ƙasa ya iso daga Kano, kowa ya fito tarba. Ku ce wani tauraron Kannywood ya sauka cikin gari yana neman ƴan wasa. Amsarmu ba ta sauya ba: ba ma yin ƙaryar Afrilu a gaban makirfo, ba ma yin ta a wannan shafi. Masu saurarenmu sun san muna son raha, don haka ya kamata mu faɗi dalili dalla-dalla, tunda wasu na ganin tsanani ne kawai.

Mu da muka bi ta lakwal, can muka fara gamuwa da abin. A koleji, ranar 1 ga Afrilu, sai wani ya yanka takarda siffar kifi ya liƙa maka a bayan riga, kana yawo cikin filin makaranta ana ta dariya ba ka san dalili ba. Ko a ce maka surbeyan na kiranka, ka tafi jiki na rawa, ka tarar ba ya ma cikin biro. Abin nan yake tsayawa, kafin a tashi kowa ya gane. Mushen tarihi ya gaya mana cewa a 1564 Sarki Charles na 9 na Faransa ya kafa doka cewa sabuwar shekara za ta riƙa farawa 1 ga Janairu, sai aka riƙa tsokanar waɗanda suka ci gaba da bikinsu na tsohon lokaci da kyautar ƙarya. Dokar kam an yi ta, amma masana tarihi ba su haɗu a kan cewa ita ce asalin wasan ba.

Akwai kuma wani bayani da ke zagayawa a WhatsApp duk shekara, wai ranar 1 ga Afrilu ce aka yaudari Musulmin Andalus aka hallaka su, wai bikin wannan ake yi. Musulmin Andalus sun sha azaba, an tilasta musu barin addini, an kore su daga ƙasarsu, wannan tarihi ne tabbatacce. Sai dai Garnaɗa, birninsu na ƙarshe, ranar 2 ga Janairun 1492 ta faɗi, ba cikin Afrilu ba. Ku duba fa: saƙon da aka rubuta don a hana mutane ƙarya, shi ma an cusa masa abin da ba haka yake ba, kuma mutanen kirki ke tura shi da kyakkyawar niyya. Ba ma bukatar wannan labari kafin mu guji abin. Malamanmu sun sha faɗa a wa'azi cewa ƙarya ƙarya ce, ko da don a ba mutane dariya aka yi ta.

Kada wani ya ce mu Hausawa ba mu san wasa ba. Mun san shi tun kafin a gina lakwal ta farko a ƙasar nan. Bazabarme in aiki ya kawo shi Tibiri, tun bai sauke kaya ba zai ji Bagobiri na kiransa bawansa, shi kuma ya mayar da martani a kan tsagar fuska, a yi dariya a ci tuwo tare. Haka Bafulatani da Babarbare. Haka taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, har da kuɗin shara a watan cika-ciki. Haka jika da kaka: tsohuwa ta ce wa jaririn da aka haifa jiya mijinta ya zo, amma raggo ne bai kawo cefane ba. Haka tashe cikin azumi, yaro ya sa gemun auduga ya zama tsoho. Wannan wasa na dangantaka har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014.

To mi ya raba wannan da kifin Afrilu? A wasanmu, mai yi da wanda ake yi wa duk sun san wasa ne. Bazabarmen ya san ba a sayo shi ba. Mai gidan da aka shiga yi wa tashe ya san gemun na auduga ne. Ana kallon juna ido da ido, an san wa ke da izinin tsokanar wa, an san inda ake tsayawa, kuma in an tashi zumunci ya ƙaru. Ita ƙaryar Afrilu ba ta cin nasara sai in ɗayan bai sani ba. Daɗinta duka yana cikin cewa wani ya yarda da kai, ka mayar da yardarsa abin dariya. Tsakanin ɗiyan lakwal biyu ɓarnar kaɗan ce. In ta hau rediyo ko waya, lissafin ya sauya.

Shahararriyar ƙaryar Afrilu a aikin jarida ita ce ta BBC. Ranar 1 ga Afrilun 1957, ko mako uku ba a yi da buɗe sashen Hausa na gidan ba, shirin talabijin na Panorama ya nuna wasu manoma a ƙasar Suwizalan suna tsinkar taliya daga bishiya, wai an samu albarka bana. Mutane da yawa a Ingila suka yarda, wasu har suka kira suna tambayar yadda ake dasa bishiyar. Ba wauta ce ta sa suka yarda ba. Muryar da ta karanta labarin, ta Richard Dimbleby, ita ce muryar da suka saba jin manyan labaran ƙasarsu daga bakinta. Da a kasuwa wani ya faɗa musu, da sun yi dariya sun wuce. Ƙaryar ta ari rigar gaskiya ne, shi ya sa aka buɗe mata ƙofa.

Haka take yi har yau a nan garinmu. Za ku ga takarda da tambarin hukuma, da lamba, da sa hannu, da Faransanci mai kyau, alhali wani yaro ne ya haɗa ta a waya cikin minti goma. Za ku ji saƙon murya da aka fara da kiɗan buɗe labarai na wata tasha. Za ku ga hoton gobara ta wata ƙasa an rubuta "yanzu-yanzu a babbar kasuwa". Kuma akwai abin da masu wasan ba sa lissafawa: a Ingila ta 1957 shirin ya wuce sau ɗaya, washegari jaridu suka ce wasa ne, magana ta mutu. Saƙon murya ba ya mutuwa. Ba ya ɗauke da kwanan wata a cikinsa. Wanda aka yi 1 ga Afrilu zai iso wayar wani a ƙauye ranar 9, ya sake tasowa cikin damina, ya dawo baɗi. Shi kuwa saƙo na biyu, mai cewa "wasa nike", ba mai tura shi, don ba shi da daɗi.

A ɗauka wani a fada, ana shan shayi, ya naɗi murya ya ce an rufe iyaka ta Ɗan Isa daga gobe. Shi da abokansa sun yi dariya sun watse. Amma mu nan mun ga rufe iyaka na gaske, a 2019 da kuma 2023, don haka ba wanda zai ji wannan ya ce ba ta yiwuwa. Manomin Jiratawa da ya yanki zogala ko ya ɗebi tattasai, kayan da ba sa jiran jibi, in ya ji haka zai sayar wa dillalin farko da ya taya, ko da faɗuwa. Ɗan canji zai motsa farashin naira. Mai mota zai fasa lodi. Kafin la'asar gaskiya ta fito, amma jikkunan da manomin ya rasa ba mai mayar masa, kuma bai san ma wa zai bi ba.

Wanda ke ganin mun kai abin nesa, ya tuna daren ruwan gishiri. Cikin watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shiga Legas, wayoyi suka riƙa ƙara tsakar dare: ku tashi ku yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ku sha, kafin gari ya waye. Uwa ta kira ɗa, ɗa ya kira ƙanwa, ƴan uwa na ƙetaren iyaka suka kira na nan. Jaridun Najeriya sun ruwaito daga baya cewa abin ya faro ne a matsayin wasa tsakanin matasa a waya. Aƙalla mutum biyu suka rasu, aka kwantar da wasu kusan ashirin a asibiti, don gishiri mai yawa guba ne ga mai hawan jini. Ita Ebolar a Legas da Fatakwal ta tsaya, ba ta iso arewacin Najeriya ba, ba ta shigo Nijar ba. Gishirin ne ya iso. Kuma duk wanda ya tura saƙon a daren nan, ƙauna ce ta sa shi.

Wannan ɓarna ta farko ke nan, a ɗauki ƙarya a matsayin gaskiya. Ta biyu ta fi damunmu, don ba a ganin ta sai ta riga ta yi aiki: a ɗauki gaskiya a matsayin wasa.

Ranar 1 ga Afrilun 1946 aka yi girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku kusa da Alaska. Bayan kamar awa biyar, igiyar ruwa ta isa tsibiran Hawai na Amurka da sassafe. A garin Hilo, waɗanda suka hango ruwan sun ruga suna ihu a gudu, wasu da suka ji suka ce ai yau 1 ga Afrilu ce, ba za a kama su ba. Mutum 159 suka mutu a tsibiran. Bayan wannan ne aka kafa cibiyar gargaɗi kan irin wannan igiya a tekun Fasifik. Akwai mai sauƙi kuma: ranar 1 ga Afrilun 2004 kamfanin Google ya sanar da Gmail, da wurin ajiya da ya ninka na sauran sau ɗaruruwa, mutane da yawa suka ce wasan da kamfanin ya saba yi ne. Can ba wanda ya mutu, amma darasin ɗaya ne. Wanda ya saba wa mutane da ƙarya a wata rana, ranar da ya zo da gaskiya sai ya yi rantsuwa.

Mu ma labari na gaske ya sha faɗo mana a wannan tsakani. Daren 30 wayewar 31 ga Maris na 2021 aka ji harbe-harbe kusa da fadar shugaban ƙasa a Yamai, kwana biyu kafin rantsar da sabon shugaba ranar 2 ga Afrilu, gwamnati ta ce yunƙurin juyin mulki ne aka murƙushe. Cikin waɗanda suka kira mu ranar da washegari, akwai masu tambaya cikin dariya ko kifin ne ya zo da wuri. A 2022 kuma duban watan Ramadan ya faɗo daren Juma'a 1 ga Afrilu. A daren fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato ta sanar an ga wata, Saudiyya ma haka. Ku yi tunanin magidancin da aka turo wa "an ga wata" a irin wannan dare, bayan tun safe abokai sun kama shi sau biyu. Ya tashi iyali sahur, ko ya kwanta? Ga ibada sukutum ta rataya a kan ko ya yarda da saƙo ko bai yarda ba.

Shekarar korona ma haka. An sanar da mutum na farko da ya kamu a Nijar ranar 19 ga Maris na 2020, kwana goma sha uku kafin 1 ga Afrilu. A shekarar, Google da kansa ya dakatar da wasanninsa na ranar, hukumomi a ƙasashe da dama suka yi kashedi kada a yi ƙarya da sunan cutar. Sun gane cewa lokacin da likita ke roƙon a saurare shi, ba a ƙara wa mutane dalilin shakka. Kowa ya tuna yadda muka sha gardama a nan kan ko cutar ma akwai ta.

Kuma shakka ba ta san kalanda ba. In ta shiga kunne ranar 1 ga Afrilu, ba ta fita ranar 2. Mutanen Maraɗi ba za su manta da kwana biyun nan na Nuwamban 2021 ba. Ranar Lahadi 7 ga wata ramin haƙar zinariya ya rufta a Kwandago, ƙasar Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu. Washegari Litinin, wuta ta kama azuzuwan zana a makarantar AFN cikin gari, yara ƙanana aƙalla 25 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ƙara wa iyayensu haƙuri. Ranar Litinin ɗin nan ba mai wasa a garin nan. Amma ƴan uwa na nesa da labarin ya isa gare su ta waya, tambayar farko da yawancinsu suka yi mana ita ce: "Da gaske ne, ko irin abin nan ne na WhatsApp?" Ba mu ga laifinsu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma a irin wannan rana ana neman masu ba da jini, ana neman masu mota, ana neman iyaye. Duk mintin da mutum ya ɓata yana tantama, an rasa shi.

Ga kuma maganar ruwa. Tsofaffinmu sun san dalilin da ya sa Maraɗi ke kan tudu: ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta cinye tsohon gari a fadama, aka tashi aka hau sama. Gulbin nan daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta Jibiya inda aka yi madatsa, ya shigo ta Madarumfa, ya ratsa gefen Jiratawa da Maraɗi da Tibiri ya nufi Gidan Rumji. Ma'ana ruwa na iya zuwa mana ko da sama ba ta yi hadari a kanmu ba, kuma mai gona a fadama ba shi da abin da zai sanar da shi sai bakin wani. Ranar Juma'a 30 ga Agustan 2024 kuwa daga sama ya zo, kusan milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, gidaje suka faɗi, aƙalla mutum 15 suka rasu a cikin gari. A irin wannan sa'a, abin da ke tsakanin mutum da mutuwa wani lokaci kalma uku ce daga maƙwabci ko daga rediyo: ku fito yanzu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. In kunnen ya tsaya yana tambayar ko wasa ne fa?

Shi ya sa muke kallon yardar mai sauraro kamar rijiyar unguwa. Ba tamu ba ce mu kaɗai. Tashoshin garin nan duka, masu zaman kansu da ta gwamnati, da rediyoyin karkara, da mai shelar sarki, da ladanin da ke sanarwa bayan salla, duk guga ɗaya muke jefawa. In tasha ɗaya ta yi ƙaryar Afrilu ta ji daɗi, tsohon da ke sauraro a Tibiri ba zai riƙe sunan tashar ba. Abin da zai riƙe shi ne "rediyo ma ƙarya takai". Ran da wata tashar ta ce a kai yara rigakafin ƙyanda, ko an samu sanƙarau a wani gari, da wannan kunnen zai saurara. Afrilu kuwa shi ne tsakiyar bazara a nan, zafi ya haura digiri 40, lokacin sanƙarau ne, lokacin gobara ne, lokacin da masu hawan jini da tsofaffi ke faɗuwa. Ba watan da ya fi shi rashin dacewa da a firgita mutum.

Mafi nauyi a aikinmu ita ce sanarwar rasuwa. Mu Musulmi ba ma ajiye gawa. Wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi. Ɗan uwa da ke Tasawa ko Dakwaro, in ya ji, take zai bar abin da yake yi ya nemi mota. Saboda haka ba ma karanta rasuwa don an turo ta a waya. Sai wani daga cikin dangi ya zo da kansa, ko mu kira wanda muka sani a gidan, mu ji sunan mamacin, da unguwa, da lokacin jana'iza. Wasu kan ji haushin tambayoyin, suna cikin baƙin ciki muna ce musu wane ne kai a wurinsa. Muna ba su haƙuri, amma ba ma fasawa, kuma ranar 1 ga Afrilu muna ninka bincike. Domin cikin wasannin da matasa ke yi wa juna a ranar, wanda ya fi yawa shi ne sa hoton aboki da "Inna lillahi" a ƙasa. Su suna jiran ya bugo yana zagi a yi dariya. Ba su tuna cewa hoton zai iya riga su isa wurin mahaifiyarsa ba.

Haka maganar "an ɗauke wane". A Yamai wataƙila wani ya ji ta a matsayin wasa marar daɗi. A ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji, inda ƴan bindiga suka sha shiga da dare su kora shanu su tafi da mutane, inda ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato ke zaune tun 2019, wannan kalma tana sa a fara lissafin gonar da za a sayar. Haka kiran ƴan kwana-kwana a lamba 18 a ce wuta ta tashi alhali ba komai: motar da ta tafi inda ba wuta, ba ta nan lokacin da ta gaske ta kama. Masu yi su kuma sani cewa ƙasar nan na da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024 ya dawo da hukuncin ɗauri kan yaɗa abin da zai tada hankalin jama'a. "Wasa nike" ba ta cika fidda mutum a gaban alƙali ba.

To mi muke roƙo? Ga masu son raha, ba mu ce ku daina dariya ba. Ku tsokani abokinku ido da ido, a kan abin da in ya gane shi ma zai yi dariya, kuma ku warware kafin ku rabu. Kada ku naɗa, kada ku tura. Abubuwa bakwai kuwa ku bar su kwata-kwata, a Afrilu da sauran watanni: mutuwa, ciwo, wuta, ruwa, hari, kuɗin mutane, da ganin wata. Kada ku ari sunan hukuma, ko na asibiti, ko na wata tasha. In wasan ba ya tafiya sai da tambarin wani, ku san ya riga ya tashi daga wasa.

Ga masu karɓar saƙo kuma, tambaya uku sun isa a mafi yawan lokaci: wa ya faɗa, yaushe, a ina? Saƙon da ya ce "wani babban likita", "wata majiya daga sama", "jiya da dare", ba suna ba kwanan wata, ya riga ya faɗi. Saƙon da ya ƙare da "ka tura wa mutum goma don Allah" shi ma haka, domin sanarwar gaske ba ta roƙon a tura ta. Ku kunna rediyo a lokacin labarai, ku saurari tasha biyu. Babban abu ba ya faruwa a garin nan a ce duk tashoshi sun yi shiru. Ku kira wanda ke wurin, ɗan kabu-kabun da ke tsaye bakin kasuwa ya fi mai turo hoto daga wata ƙasa sanin ko kasuwar na ci.

Akwai kuma ma'auni guda da muke ganin ya fi sauran amfani, don shi ke raba mutanen Hilo da mutanen ruwan gishiri. Ku duba abin da labarin ke nema daga gare ku. In yana so ku sha wani abu, ku tura kuɗi, ku ba da lambar sirri, ku sayar da kaya da gaggawa, ko ku far wa wani mutum, ku tsaya, ku bincika tukuna, don in kun yi ba ta gyaruwa. In kuwa cewa ya yi ku matsa daga bakin gulbi, ku fito daga ɗakin da ya jiƙe, ku je ku duba yaro a makaranta, to ku tashi cikin natsuwa ku yi, ku bincika a hanya. In ƙarya ce kun yi asarar rabin awa, wani ya yi muku dariya. In gaskiya ce kun tsira da rai. Tsoron kada a ce an kama mu bai kai a zauna cikin haɗari saboda shi ba.

Mu dai ga alkawarinmu, a rubuce, don ku riƙe mu da shi. Abin da kuka ji daga bakinmu ranar 1 ga Afrilu, da irin ma'aunin 31 ga Maris muka auna shi. In mun ce hatsi ya sauka, mun je kasuwa mun tambaya. In mun ce an rufe hanya, an rufe ta. In mun ce wane ya rasu, ku yi masa addu'a ku kama hanya. Raharmu tana nan a shirye-shiryen da kuka san na raha ne, inda Bagobiri da Bazabarme za su ci gaba da sayar da juna a gaban kowa.

Wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta wa na kusa da shi da ba ya karatu, musamman iyayenmu mata, tunda su ake fara kira in an ce wani abu ya faru. Ku rubuto mana a ƙasa irin saƙon da ya taɓa tada muku hankali a unguwarku ko ƙauyenku, ba tare da kama sunan kowa ba, za mu karanta wasu a shiri. Allah ya tsare mu da ji da faɗin abin da ba haka ba, ya kai mu damina lafiya. Mu kwana nan.